Kati Arba'in: Yadda Nake Koyon Kalmomin Jarumta a Sifaniyanci

2 ga Satumba

Yau na yayyanka kwalayen sabulu na fitar da kati arba'in, na ɗaure su da roba. Aikin da na ɗora wa kaina ke nan daga yanzu zuwa ƙarshen Disamba: kalmomin Sifaniyanci na jarumta da manyan ayyuka, kowace kalma da katinta.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyon harshen, kuma ƙwallo ce ta ja ni. Ina rubuta sharhin wasannin La Liga da Hausa, na gaji da jiran sai an juya labari zuwa Turanci kafin ya iso gare ni. Yanzu ina iya bin kanun jaridunsu. Amma makon jiya da na duba fassarorina na wata guda, sai na tarar hazaña na ce bajinta, proeza na ce bajinta, gesta bajinta, har logro ma bajinta. Kalma huɗu na zuba a ƙwarya ɗaya. Kunyar ma biyu ce, don Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage: ga jarumta, ga sadaukantaka, ga namijin ƙoƙari, ga rawar gani, ga gwaninta. Lalacina ne kawai.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne ba zan rubuta komai a bayan kati ba sai na samo wani aiki na gaske da masu harshen ke kira da wannan kalma. Malamata, wata 'yar garin Burgos na Sifaniya da muke haɗuwa ta bidiyo sau ɗaya a mako, ta ce dabarar za ta ci lokaci. Na ce na ji na gani.

6 ga Satumba

Katin farko: gesta. Ranar ce ta zaɓa mini. A rana irin ta yau a 1522 wani jirgin ruwa mai suna Victoria ya shigo tashar Sanlúcar de Barrameda da mutum 18, duk sun zama ƙashi da rai. Jirage biyar ne suka tashi daga wannan tasha a Satumban 1519 a ƙarƙashin Magellan, da mutane sama da 200. An kashe Magellan a tsibirin Mactan na Filifin a 1521, sai Juan Sebastián Elcano, mutumin Getaria, ya ƙarasa da jirgi ɗaya tilo. Su ne farkon waɗanda suka zagaye duniya. Kayan da suka sauke kuwa kanumfari ne. Na daɗe ina dariya ni kaɗai: shekara uku a kan teku, mutuwa sama da ƙasa, duk a kan abin da maiɗakina ke jefawa a kunu ba ta ko ƙirgawa.

Gesta aiki ne mai nisan zango, na taron jama'a, wanda labarinsa ke rayuwa bayan masu shi sun kwanta dama. Tsofaffin waƙoƙin jarumai ma sunansu cantar de gesta. A bayan katin na rubuta: aikin mazan jiya, wanda ya kai a yi masa waƙa. Jaridun wasanni dai rabon ta suke yi kamar goron biki, ƙaramin kulob ya doke babba sau ɗaya sai ka ga an buga gesta da manyan baƙaƙe.

14 ga Satumba

Malama ta kama ni dumu-dumu. Ashe duk wannan lokaci "hazana" nake cewa, kamar mai ƙwala wa wata kira. Harafin h ba a furta shi sam. Harafin z a bakin mutanen Burgos sai ka sa harshe tsakanin haƙora, kamar farkon kalmar "thumma" ta Larabci, su kuwa mutanen Latin Amurka s suke yi. Shi ñ kamar ƙarshen "hanya" yake. Saboda haka asanya, ko athanya. G ɗin gesta kuma daga maƙogwaro yake fitowa, irin na "khairun", a nan makarantar allo ta yi mini rana.

Inda ba ta yi mini rana ba shi ne p. Proeza tana fita daga bakina "furoweza". Malama ta sa na haɗe leɓe na maimaita sau ashirin har yara suka leƙo su ga ko lafiya.

Abu ɗaya ya zo da sauƙi: hazaña, proeza, gesta, valentía, duk mata ne, sun ƙare da a, kamar bajinta da jarumta a wurinmu.

22 ga Satumba

Jiya na kai wa Kawu Malam magani, na same shi a zaure an tashi daga karatun la'asar. Garin ciro maganin daga aljihu sai katunan suka zubo. Ya dube su, ya dube ni.

"Kai kuma da girmanka karta ka koma?"

"Allah gafarta Malam, karatu ne."

Na ɗauki katin hazaña na ba shi labarin abin da na gani a ƙamus ɗin Real Academia, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, a daren shekaranjiya: asalin kalmar Larabci ne, hasana, kyakkyawan aiki. Ita ce dai Hasanar da muke raɗa wa 'yan biyu. Musulmi sun yi mulki a sassan wannan ƙasa daga 711 har 1492, suka bar dubban kalmomi a bakin mutane. Kawu ya yi shiru yana jujjuya kwalin, can ya ce, "To, mu hasana ita ce abin da ake rubuta wa bawa ko da ba wanda ya gani. Su kuma sai an gani an yi shela?" Na rasa amsa, don kusan haka ne. A ƙamus hazaña aiki ne fitacce na jarumta, wanda ya yi suna.

Da na ga ya saki jiki sai na fito da sauran. Adalid, jagoran mayaƙa, daga ad-dalil, mai nuna hanya. Kalma ɗaya ce da dalilinmu. Mu muka ɗauke ta muka kai ta wajen hujja da sanadi, su suka ɗora ta a kan doki suka sa ta gaban runduna. Yau ana cewa wane adalid ne na 'yanci, wato shi ke kan gaba wajen kare shi. Alférez daga al-faris, mahayi, a da shi ne mai riƙe tuta, yanzu ƙaramin hafsa ne a soja. Alarde daga al-ard, jera sojoji a gaban sarki don ya duba su, daga nan hacer alarde ya koma nufin yin fariya da abu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mahaya ke cin ado ranar hawa ya san yadda dubawa ke komawa nunawa.

Sai muka zo kan babban gwarzonsu, El Cid. Sunansa Rodrigo Díaz, daga ƙauyen Vivar kusa da Burgos. Cid ɗin nan sidi ne, sayyidi. Ɗaya laƙabin nasa, Campeador, gwanin filin daga ke nan. Sarki Alfonso na Shida ya kore shi daga ƙasa a 1081, ya tafi Zaragoza ya yi wa sarakunan Musulmi na gidan Banu Hud aikin yaƙi na wasu shekaru, daga baya ya ci Valencia da yaƙi a 1094 ya mulke ta har ya mutu a 1099. An san sunan dokinsa, Babieca, an san na takobinsa, Tizona. Waƙar da aka yi masa ta haura layi 3,700, kwafin da ya tsira yana ɗauke da shekarar 1207.

Kawu ya ce, "Wato mutumin nan duk inda tuwo yake nan takobinsa yake." Na faɗa wa malama wannan magana da yamma, ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce kabarinsa na cikin babbar majami'ar garinsu, kullum ta nan take wucewa, kuma kalmar da Kawu ke nufi akwai ta, mercenario, sojan haya, sai dai ba a son jin ta a Burgos.

5 ga Oktoba

Kwana tara zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na tashi na nemi katuna babu. Ashe autata ta mayar da su kuɗi, tana sayar wa 'yan tsana tuwon ƙasa. Na ƙwato talatin da bakwai. Prócer ta sha miyau, na sake yanka wata: manyan mutanen da suka kafa ƙasa, irin su San Martín da ya tsallaka tsaunukan Andes da runduna a farkon 1817, da Bolívar da aka yi wa laƙabi da Libertador, mai 'yantarwa. A Latin Amurka aka fi jin ta.

12 ga Oktoba

Yau ranar hutu ce a Sifaniya, ranar da Kolumbus ya isa nahiyar Amurka a 1492. Ina da wani abokin hira ɗan Meziko, ina taya shi Turanci yana taya ni Sifaniyanci. Don in burge shi sai na tura masa jimla: la gesta de Hernán Cortés. Na ɗauka zai yaba da sabuwar kalmata. Ya yi minti goma bai amsa ba, sannan ya rubuto, "Gesta a wurin wa?"

Ya ce Tenochtitlan, babban birnin mutanen Aztec, da Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya rusa a Agustan 1521 a ƙarƙashin gidansu yake, kuma jarumin wannan labari a wurinsu Cuauhtémoc ne, sarki na ƙarshe da ya tsaya har aka kama shi. Ya ba ni misalin da ba zan manta ba. Daren 30 ga Yunin 1520, da mutanen birnin suka fatattaki Sifaniyawa, ƙarni biyar ana kiran sa Noche Triste, daren baƙin ciki. A 2021 hukumomin birnin Meziko suka sauya wa dandalin da ake tunawa da shi suna zuwa Noche Victoriosa, daren nasara. Ranar ta yau ma ba sunanta ɗaya ba: a Benezuwela ranar turjiyar 'yan asalin ƙasa ce.

Ban yi musu ba, don na san ciwon. Abin da ya faru a Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, yadda Ingila ta rubuta shi daban, yadda ake ba da shi a zaurukanmu daban. Na ba shi haƙuri. Na ƙara kati biyu da ba sa cikin lissafi, conquista da resistencia, na kuma koma bayan katin gesta na ƙara layi da jan biro: kafin ka faɗa, duba wa ke sauraro.

14 ga Oktoba

Proeza da hazaña sun kusa sa ni hauka, don ƙamus da ɗaya yake fassara ɗaya. Masu haƙar ma'adinai na Chile ne suka raba mini gardama. Mutum 33 ƙasa ta rufta da su a mahaƙar San José kusa da Copiapó ranar 5 ga Agustan 2010, zurfin kusan mita 700. Kwana 17 ba wanda ya san suna raye, suna raba 'yan cokulan kifin gwangwani. Ranar 13 ga Oktoba aka fito da su ɗaya bayan ɗaya cikin wani siririn keji mai suna Fénix, bayan kwana 69.

Na karanta rahotanni da dama, na lura idan ana maganar injiniyoyin da suka huda dutse suka sami daidai inda mutanen suke, an fi cewa proeza, sau da yawa proeza técnica. Idan ana maganar lamarin gaba ɗaya, da haƙurin na ƙasa da naci na sama, sai a ce hazaña. Malama ta ce ba ƙa'ida ba ce, amma kunnena bai yi ƙarya ba. Na rubuta proeza: gwaninta a abu mai wuya. Hazaña: bajintar da ta zama labari.

28 ga Oktoba

Makon zuciya. Valor ƙarfin hali ne, kuma ita ce darajar kaya a kasuwa. Valentía jarumta ce zalla. Arrojo daga arrojar take, jefawa, wato mai jefa kansa cikin wuta bai tsaya lissafi ba. Osadía tana da fuska biyu, yabo ce ga soja, amma ga yaron da ya mayar wa babba magana tsaurin ido ce. Temeridad kuwa ganganci ne, ba yabo a ciki.

Wadda ta fi yi mini daɗi coraje. Tushenta kalmar zuciya ne. Tana nufin jarumta, amma idan ɗan Meziko ko mutumin Andalus ya ce me da coraje, cewa yake abin yana ba shi haushi. Mu ma haka: "yana da zuciya" da "ya yi zuciya", tazararsu ba ta kai taku ɗaya ba. Wannan kati ban ma sake duba bayansa ba.

Bizarro ta yaudare ni. A tsohon Sifaniyanci jarumi ne mai kwarjini, matasan yanzu kuma abu bambaraƙwai suke nufi da ita. Na ajiye ta a katunan karatu, ba na magana ba.

10 ga Nuwamba

Na tafi gidan kallo da katuna a aljihu. Wani ƙaramin kulob ya tare gida minti casa'in, 'yan wasa goma a bakin raga. Da na dawo na duba rahoton wasan sai ga defensa numantina. Numancia gari ne kusa da Soria ta yau, Rumawa suka yi masa ƙawanya a shekara ta 133 kafin haihuwar Annabi Isa, yunwa ta ci mutanensa, da yawansu suka zaɓi mutuwa a kan miƙa wuya. Shekara sama da dubu biyu, yanzu sunansu ya koma na masu fakin bas a gaban gola. Ban san ko za su gode ba.

Remontada kowa a gidan kallo ya san ta tun daren 8 ga Maris 2017, da Barcelona ta ci PSG 6-1 bayan an lallasa ta 4-0 a Faris, Sergi Roberto ya jefa ta ƙarshe a minti na 95. Abin da ba su sani ba, aikatau ɗin remontar hawa ne, kamar mai tuƙa kwalekwale yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa.

Na kuma samo wa 'yan bencin baya sunayensu. Fanfarrón, mai cika baki. Matasiete, mai kashe bakwai, da baki. Perdonavidas, mai yafe wa mutane rayukansu, wanda ke tafiya kamar alfarma ya yi maka da bai kashe ka ba. Kura ke nan, ga tsoro ga ban tsoro. Na gwada wa wani abokina wannan, ya ce in fassara, na ce sai ranar da kulob ɗinsa ya ci wasa.

19 ga Nuwamba

Kalmomin da ba jini a cikinsu. Logro abin da aka cim ma da ƙoƙari, ko digiri ne ko gina rijiya. Éxito nasara ce, duk da ta yi kama da kalmar Turancin da ake rubutawa a saman ƙofar fita. Hito asalinta dutsen da ake kafawa a iyakar gona ko a bakin hanya, shi ya sa ake cewa marcar un hito, a kafa alamar da za a riƙa cewa kafin ta da bayan ta. Na rataya ta a wuyan Santiago Ramón y Cajal, likitan da ya nuna cewa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ƙwayoyin halitta ne rarrabe masu miƙa wa juna saƙo, ya karɓi kyautar Nobel a 1906.

Abin kunya na makon: ina ba malama labarin Agustina de Aragón, matar da ta ɗauki wuta ta harba igwa a ƙofar Zaragoza a 1808 bayan sojojin Faransa sun kashe masu harbin. Na so in ce ita jaruma ce, sai na ce tana da heroína. Kalmar ɗaya ce da sunan muguwar ƙwayar nan. Aikatau ɗaya na kuskure, na mayar da gwarzuwar ƙasa dillaliya.

30 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, leɓe ya tsage, p ta ƙara wuya. Yau na makale a kan kati ɗaya.

A rana irin ta yau a 1803 jirgin María Pita ya tashi daga A Coruña da likita Francisco Javier de Balmis, bisa umarnin Sarki Carlos na Huɗu, don kai rigakafin agana zuwa Amurka. Shekara bakwai ke nan da Jenner ya gano maganin a Ingila, amma babu firji, ruwan rigakafin ba ya jure doguwar tafiya. Sai suka ɗauki yara 22 daga gidajen marayu, 'yan shekara uku zuwa tara. A tsaga hannun biyu a shafa, bayan kwana tara ko goma ƙurji ya nuna, a ɗebi ruwansa a shafa wa biyu na gaba, haka har aka tsallaka teku. Yaran su ne mazubin maganin. Mace ɗaya ce a jirgin, Isabel Zendal, shugabar gidan marayun garin, ita ke kula da su, ɗanta ma yana cikinsu. Ayarin ya kai Benezuwela da Kuba da Meziko, daga can aka ɗauki wasu yaran zuwa Filifin a 1805. Mataimakin Balmis, José Salvany, ya nufi kudu yana yi wa mutane rigakafi har ya mutu a Cochabamba a 1810.

Na tuna tabon lamba da ke damtsen mahaifiyata. Sai a 1980 aka ce an gama da agana a duniya.

Tafiyar gaba ɗaya gesta ce, wannan karon ko abokina na Meziko bai ja ba. Ga Isabel malama ta ba ni abnegación, sadaukar da kai ba tare da jiran godiya ba. Na ce to yaran fa? Ba a tambaye su ba, ba su zaɓa ba, balle a ce arrojo ko valentía. Ta ce ana kiran su niños vacuníferos, yara masu ɗauke da rigakafi. Na ce wannan sunan aiki ne, ni kalmar yabo nake nema. Ta yi tunani ta ce ba ta da ita. Na kai wa Kawu tambayar, ya ce, "Ai ka dawo kan hasana, ɗana." Na yanka kati na rubuta 22 a gabansa, bayan na bar shi fari.

21 ga Disamba

Jarrabawa. Maiɗakina ta riƙe katuna tana karanto Hausar, ni ina ba da Sifaniyancin. Sun zama arba'in da uku yanzu. Na ci talatin da shida. Denuedo da gallardía, wasu kalmomin jarumta biyu, har yau ba su zauna ba, kuma na gano dalili: su ne na cika bayansu daga ƙamus a makon zazzaɓi ban nemo musu mai su ba. Epopeya, doguwar waƙar jarumai, na faɗa daidai amma da f biyu.

Da ta zo kan farin katin ta juya shi gaba da baya ta ce, "Wannan ka manta ne?" Na ce a'a, ta mayar da shi cikin robar.

Malama ta tafi hutun Kirsimeti sai bayan 6 ga Janairu. Ta bar mini aikin gida: derrota, fracaso, huida, rendición, wato shan kaye, faɗuwa, gudu da miƙa wuya. Kwalin sabulu ya ƙare, gobe zan karɓo na shayi a wurin mai kanti.